Fashin Baƙi: Me Ya Sa Jari Ba Ya Isa Hannun Manomi Da Ƙaramin Ɗan Kasuwa?

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar ƙauye a watan Oktoba ko Nuwamba ya ga abin da zan faɗa da idonsa. Amalanke da a-kori-kura suna ta sauke buhunan masara, dillali na caka ƙarfe a gefen buhu yana zuba ƙwayar a tafin hannu yana dubawa, shi kuma manomi na tsaye ya harɗe hannu yana jira a yi masa kuɗi. Ya san sarai wannan ne lokacin da hatsi ya fi arha a duk shekara. Ya san in ya riƙe buhunan nan zuwa bazara za su yi daraja. Amma riƙewar ce ba zai iya ba, domin tun watan Yuni ya karɓi taki a hannun wani mai hali na garinsu bisa alkawarin zai biya idan kaka ta yi. Ga masu girbi da masu casa suna jiran haƙƙinsu, ga kuɗin makarantar yara, wataƙila ga 'yar da za a aurar bayan an kawar da amfanin gona. Sai ya sallama. Bayan wata shida ko bakwai, rumbu ya yi ƙasa, shi ɗin ne dai zai dawo wannan kasuwa yana auna masara tiya-tiya da tsada.

Idan masana tattalin arziki suna maganar ƙarancin jari ga ƙananan sana'o'i, wannan mutumin suke nufi, shi da tela mai keke ɗaya, da mai injin niƙa, da matar da ke matse man gyaɗa a tsakar gidanta. Hukumar IFC, wato reshen Bankin Duniya mai hulɗa da 'yan kasuwa, ta ƙiyasta a 2017 cewa ƙanana da matsakaitan kamfanoni masu rajista a ƙasashe masu tasowa suna da giɓin rancen da ya kai dala tiriliyan 5.2 a kowace shekara, kuma kashi 40 cikin 100 nasu ba sa samun abin da suke buƙata. Wannan lissafin masu rajista ne kawai, ban da ɗimbin masu sana'ar da ba su da ko takardar suna. A Najeriya, ƙidayar da hukumar bunƙasa ƙananan sana'o'i ta SMEDAN da hukumar ƙididdiga ta ƙasa suka fitar a 2021 ta nuna akwai irin waɗannan sana'o'i fiye da miliyan 39, akasarinsu na mutum ɗaya ne ko biyu. Noma kuwa shi ke samar da kusan rubu'in arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara, amma abin da yake samu daga bashin da bankunan kasuwanci ke bayarwa ya daɗe yana yawo a wajen kashi 5 cikin 100.

Abin da aka fi saurin faɗa shi ne babu kuɗi, ko kuma bankuna mugaye ne. Ni a ganina ba nan gizo ke saƙar ba. Kuɗi suna nan jibge a bankuna. Matsalar ita ce mai kuɗin bai san mai neman ba, ba shi da hanya mai sauƙi ta saninsa, kuma in abu ya lalace ba shi da abin kamawa. Duk shirin da ya zubo kuɗi ba tare da ya warware wannan ƙulli ba, ƙarshensa kuka ne, kuma mun gani da idonmu.

Don a fahimci wannan, gara a fara daga ƙauye, inda bashi ke gudana tun kaka da kakanni ba tare da banki ba. A 1988 zuwa 1989 wani masanin tattalin arziki Ba'amurke mai suna Christopher Udry ya zauna a ƙauyuka huɗu na kusa da Zariya yana bibiyar gidaje kusan 200, yana rubuta wa ya ranta wa wa, nawa, kuma yaya aka biya. Abin da ya tarar ya ba abokan aikinsa mamaki, ko da yake Bahaushen ƙauye ba zai ji baƙon abu a ciki ba. Kusan duk bashin tsakanin 'yan gari ɗaya ne ko 'yan uwa. Ba a rubuta takarda, da wuya a karɓi jingina, ba a kuma yanke wani ƙayyadadden ƙari tun farko. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne yadda biyan ke tafiya da halin da mutum ya tsinci kansa. In ambaliya ta ci gonar wanda ya ci bashin, ko ciwo ya kwantar da shi, ana sassauta masa, ya biya ƙasa da yadda aka zata ko a ƙara masa lokaci. In kuwa wanda ya ba da bashin ne masifa ta faɗa wa, sai wanda ya karɓa ya yi ƙoƙari ya biya da wuri har da ɗan ƙari. Wanda ya ƙi biya da gangan kuma, ana kai ƙararsa wajen dattawan gidansu ko mai gari, sannan ya san ƙofar rance ta rufe masa.

Wato bashin ƙauye rance ne kuma inshora ne a lokaci guda. Yana yiwuwa ne saboda kowa ya san gonar kowa. Mai ba da bashi ba ya buƙatar a kawo masa rahoto cewa tsutsa ta ci masarar wane, domin ta gefen gonar yake bi kullum zuwa tasa. Haka adashi yake. Uwar adashi ba ta tambayar takardar fili, ta san wadda ke zubi a kan lokaci da wadda sai an bi ta gida.

Sai dai kada mu yi wa wannan tsari kwalliyar da ba tasa ba. Kuɗinsa kaɗan ne, ba za su sayi injin ban-ruwa ko na casar shinkafa ba. In fari ya zo, duk garin yake shafa, mai bayarwa da mai karɓa su zama abu ɗaya. Kuma a inda mai hali ɗaya ne tak a gari, bashin da ake ba da shi don a biya da kaka kan rikiɗe ya zama tarko: a ba ka kuɗin da bai kai rabin buhu ba a damina, ka biya buhu cur a kaka. Da yawa sun jinginar da gona a irin wannan hali, gonar ba ta sake dawowa hannunsu ba.

To shi banki fa, me yake gani idan manomin nan ya shigo? Abu na farko shi ne wahalar da ke cikin ƙaramin bashi. A ce mutum na neman naira 300,000. Sai an tura ma'aikaci ya je ya ga gonar, a sha mai, a cika takardu, a sake komawa tsakiyar damina, a sake komawa lokacin girbi. Kusan wannan ɗawainiyar ce za a yi wa kamfanin da ke neman naira miliyan 300 a cikin gari, wanda ofishinsa ke bayan bankin. Duk manajan da aka ɗora wa nauyin kawo riba ya san inda zai karkata.

Na biyu jingina. Manomi na iya mallakar gonar da ya gada tun daga kakansa, duk gari sun shaida tasa ce, amma a wurin banki kamar babu ita, tunda ba ta da takardar mallaka. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma mai takardar mallaka ma ba zai jinginar da filinsa ba sai da amincewar gwamnan. Neman takardar kansa tafiya ce mai cin kuɗi da watanni, wani lokaci shekaru. Ko da an samu, wane banki ne zai iya zuwa ƙauye ya ƙwace gonar gado ya sayar, kuma wa zai saya ya zauna lafiya da mutanen garin?

Na uku, kuma wanda ba a cika faɗa wa talaka ba, shi ne banki yana da wani abokin ciniki da ya fi kowa daɗin sha'ani, wato gwamnati. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100, Babban Bankin Najeriya ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwansa har zuwa kashi 27.5, ya kuma wajabta wa bankunan kasuwanci su ajiye rabin kuɗin da jama'a suka zuba a wurinsa. A lokacin, takardun lamunin gwamnati na shekara guda suna ba da ribar da ta kai kashi 20 ko fiye, ba tare da an taka ko nan da ƙofa ba. Bankin da zai samu wannan yana zaune, in zai ba manomi sai ya ɗora abin da ya kai kashi 30 ko sama. Noman masara na damina ɗaya kuwa ba kasafai yake iya ɗaukar wannan nauyi ba. Ga shi kuma kuɗin da ke hannun banki na masu ajiya ne da za su iya zuwa gobe su ce a ba su abinsu, alhali mai dasa lambun mangwaro ko mai kafa injin niƙa shekaru yake buƙata.

Gwamnatocin Najeriya sun san da wannan tun tuni. A farkon shekarun 1970 aka kafa bankin manoma mai hedikwata a Kaduna, wanda bayan haɗe-haɗe da sauye-sauyen suna ya zama Bankin Noma na yau. A 1977 aka kafa asusun tsaya wa manoma, wanda ke alkawarin biyan banki har kashi 75 cikin 100 na abin da ya maƙale idan manomi ya gaza. Daga baya Babban Banki ya kafa NIRSAL bisa irin wannan tunani na raba asara, sannan Bankin Raya Ƙasa na Najeriya ya fara aiki a 2017 yana ba bankuna kuɗi masu dogon zango don su ranta wa ƙananan kamfanoni. Amma babu wanda ya yi amo ya kuma bar darasi kamar shirin rancen manoma na Babban Banki mai suna Anchor Borrowers, don haka a kansa zan daɗe.

Ranar 17 ga Nuwamba 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shi a jihar Kebbi, lokacin Godwin Emefiele na gwamnan Babban Banki. A takarda tsarin ya yi ma'ana ƙwarai, domin ya yi ƙoƙarin cike giɓin nan na rashin sani. Manoma za su haɗu rukuni-rukuni. Wani babban kamfani, misali mai injin casar shinkafa, zai yi alkawarin sayen abin da suka noma. Banki zai ba da rance a kan kashi 9 cikin 100, wanda aka rage zuwa 5 a lokacin annobar korona, kuma yawancinsa ba tsabar kuɗi ba ne, iri ne da taki da maganin feshi da injin ban-ruwa. Idan an yi girbi manomi ya kai wa kamfanin shinkafa, a cire bashi, a ba shi ragowar. Kamfanin ne idon banki a gona, shinkafar kuma ita ce jingina.

A shekarun farko an ga canji, wannan ba a musu. Fadamun Argungu da Suru da sauran sassan Kebbi sun cika da noman rani, aka kafa injinan casa a Kano da Kebbi da Jigawa, har Legas ta haɗa gwiwa da Kebbi suka fito da shinkafar Lake Rice a 2016. A watan Janairun 2022 aka jera dalar buhunan shinkafa a Abuja don nuna nasara. Amma da aka zo lissafin biya sai murna ta koma ciki. A farkon 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin 100 kaɗai aka biya. Babban Banki ya musanta, ya ce daga cikin fiye da naira tiriliyan ɗaya da ya raba wa manoma sama da miliyan 4, an dawo da kusan naira biliyan 503, wato kashi 52 na abin da lokacin biyansa ya yi. Ko da alƙaluman bankin muka ɗauka, kusan rabi bai dawo ba.

Me ya faru? Akwai abin da ba laifin kowa ba ne: ambaliyar 2020 ta shafe gonakin shinkafa masu yawa a Kebbi, ta 2022 ta yi ɓarna a jihohi da dama. Akwai kuma abin da hannun mutum ne. Manoma a wurare daban-daban sun koka cewa taki da iri kan iso bayan lokacin shuka ya wuce, kuma duk manomi ya san takin da ya zo a makare bashi ne kawai ba amfani ba. An yi ta ƙorafin cewa sunayen waɗanda ko fartanya ba su taɓa riƙewa ba sun shiga jerin. Wasu da suka noma da gaske, da suka ga farashin kasuwa ya fi wanda aka yi yarjejeniya a kai, sai suka kai shinkafarsu kasuwa suka bar kamfanin da jira. A kan duk wannan kuma ga babbar cutar: da yawa sun ɗauki abin a matsayin rabonsu na gwamnati, ladan ƙuri'ar da suka kaɗa. Da shirin ya faɗaɗa cikin gaggawa, aka koma bi ta hannun ƙungiyoyin manoma na ƙasa da gwamnatocin jihohi, sai idon nan da ke kan gona ya dushe. Wanda ya raba kayan ba kuɗinsa ba ne, in ba a biya ba ba ya rasa komai.

Abin da ke ci mini rai a nan shi ne manomin kirki da ya biya nasa tsaf. Bai samu wata shaida da za ta bambanta shi da maƙwabcinsa da ya cinye ba. Da Olayemi Cardoso ya karɓi ragamar Babban Banki a 2023 ya bayyana cewa bankin zai janye daga irin wannan rabon rance kai tsaye, ƙofar ta rufe wa mai gaskiya da maras gaskiya baki ɗaya, bankunan kasuwa kuma suka ƙara samun hujjar cewa manomi ba ya biyan bashi.

Akwai wani ɓangare da masu tsara manufofi daga nesa suka daɗe ba su ba shi muhimmanci ba, alhali a Arewa shi ne kan gaba: kuɗin ruwa. Akwai ɗan kasuwa a Kantin Kwari ko Dawanau da ke juya miliyoyi, yana da duk abin da banki ke nema, amma ko kyauta aka ce ya karɓi bashi mai ruwa ba zai karɓa ba, domin ya yi imani kuɗin ruwa haramun ne. Wannan ba jahilci ba ne da za a ce wayar da kai zai kawar. Binciken da ƙungiyar EFInA mai nazarin hulɗar jama'a da cibiyoyin kuɗi ta yi a 2023 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin huɗu na baligan 'yan Najeriya ba sa hulɗa da kowace irin cibiyar kuɗi, amma a Arewa maso Yamma adadin ya kusa rabi. Talauci da nisan rassan banki suna da babban kaso a wannan, addini ma yana da nasa.

Saboda irin waɗannan mutane aka samu bankunan Musulunci marasa kuɗin ruwa: Bankin Jaiz ya buɗe a 2012, TAJ ya biyo a 2019, Lotus a 2021, kuma a 2020 Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin shiga shirye-shiryensa ba tare da ruwa ba. Mafi yawan abin da waɗannan bankuna ke yi murabaha ce, wato banki ya sayi kaya ya sayar maka da ƙarin da aka sani, ka biya sannu a hankali. Wannan ya dace da mai shago da mai neman keken ɗinki. Ga manomi kuwa fiƙihu yana da abin da ya fi dacewa, wato cinikin salam: a biya kuɗin amfanin gona tun kafin a noma, a kawo kayan daga baya. Annabi (SAW) ya tarar da mutanen Madina suna yin haka da dabino, ya halatta shi da sharaɗin a san mudu, a san nauyi, a san lokaci. Bankunan Sudan sun daɗe suna amfani da salam wajen ba manoman dawa da riɗi jari, har suka shigo da sharaɗin gyara farashi idan tazarar da ke tsakanin kuɗin da aka biya da farashin kaka ta yi yawa, don kada a zalunci ɗaya. Sai dai a faɗi gaskiya, cire ruwa ba ya cire matsalar asali. Bankin Musulunci ma yana tambayar jingina, shi ma bai san manomin ba.

To ina aka ga haske? Misalin da ya fi burge ni daga maƙwabtanmu yake, Jamhuriyar Nijar. Tun ƙarshen shekarun 1990, da tallafin hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙungiyoyin manoma a can suka fara abin da ake kira warantaj da Faransanci. Idan kaka ta yi, maimakon kowa ya kwashi gero da wake zuwa kasuwa, sai a tara a sito ɗaya na ƙungiya, kowane buhu da sunan mai shi. A auna, a duba ingancinsa, a sa wa ƙofar kwaɗo biyu. Makulli ɗaya na hannun shugabannin ƙungiya, ɗaya na hannun asusun ba da rance, ba mai iya buɗewa sai ɗayan na nan. Asusun ya ba kowa rancen da bai kai cikakken kuɗin buhunansa ba a farashin ranar. Da wannan kuɗi manomi zai biya buƙatun kaka, ya sayi rago ya yi kiwo, ko ya yi lambu da rani. Bayan wata biyar ko shida a biya bashi, a buɗe sito, hatsi ya yi daraja, ko ya sayar ya sayi taki ko ya ci da iyalinsa a lokacin da abinci ya fi wuya.

Dubi yadda kwaɗo biyu suka warware abin da tiriliyan ta kasa. Mai ba da rance ba ya buƙatar takardar fili, jinginarsa na kulle a ɗaki yana iya zuwa ya ƙirga. Ba ya tsoron fari, domin an riga an yi girbi. Manomi kuma ya tsira daga sayarwar dole. Wani bincike da aka yi da manoman masara a yammacin Kenya ya nuna irin wannan: waɗanda aka ba rance daidai lokacin girbi sun riƙe masararsu sun sayar da daraja, ribar ta fi kuɗin rancen. Amma tsarin yana da nasa haɗari, domin ya dogara ne ga tashin farashi. A 2025 manoma da 'yan kasuwar hatsi a Najeriya sun ga akasin haka, farashin masara da shinkafa ya faɗi bayan gwamnati ta sassauta harajin shigo da abinci a 2024, waɗanda suka ajiye suka tafka asara ga taki da tsada. Manufar gwamnati da ke sauyawa ba sanarwa tana iya rusa lissafin mai rance da mai karɓa a dare ɗaya.

Hanya ta biyu ita ce a sami wanda ke zaune kusa da manomi, wanda kuma kuɗinsa ne ke cikin haɗari. Kamfanin Babban Gona da ya fara aiki a jihar Kaduna a 2012 misali ne: manoma na haɗuwa ƙananan rukuni na waɗanda suka yarda da juna, kamfanin ya ba da iri da taki bashi, ma'aikatansa na zagaya gonaki, a kaka ya karɓi masara ya adana ya nemo mata kasuwa. Kusan zanen Anchor Borrowers ne, bambancin shi ne wanda ya zaɓi manomin shi zai yi asara in zaɓin ya ɓaci.

Ga mai sana'ar cikin gari kuma, abubuwa biyu sun sauya a 'yan shekarun nan. A 2016 aka buɗe rajistar jinginar kadarori masu motsi, aka kafa mata doka a 2017, ta yadda injin niƙa, ko babur mai ƙafa uku, ko shanu, ko kayan shago za su iya tsayawa a matsayin jingina, a rubuta su a rajista don kada a jinginar da abu ɗaya wuri biyu. Dokar tana nan, amma da yawa daga masu sana'a ba su taɓa jin labarinta ba, bankuna kuma har yanzu sun fi natsuwa da fili da gini. Na biyun ya zo ne ba da shiri ba. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tilasta wa mai shayi da mai nama da mai kayan miya karɓar kuɗi ta waya da na'urar POS. Akwai wani mai shagon kayan masarufi a unguwarmu da bai taɓa rubuta cinikinsa a littafi ba, komai a ka yake riƙewa. Yau duk abin da ya shiga ta na'urarsa a rubuce yake, na safe da na dare, na ranar kasuwa da na ranar da gari ya yi tsit. Wannan tarihin ciniki shi ne sanin da banki ya rasa shekara da shekaru, kuma kamfanoni irin su Moniepoint sun fara ba masu shaguna jarin juyawa bisa abin da suka gani yana wucewa ta na'urar. Shawarata ga duk mai sana'a ita ce ya raba asusun shago da na cefanen gida, domin wannan rubutun wata rana zai yi masa abin da takardar fili ke yi wa mai gida.

Sai dai a yi hattara, ba kowane bashi ne jari ba. Manhajojin rance na waya da ke ba da kuɗi cikin minti biyar su ɗora ruwa mai nauyi na mako biyu, in an makara su bi lambobin wayar mutum suna ci masa mutunci a wurin surukai da abokan aiki, sun kai har hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasa ta far musu a 2022. Ko ƙananan rance irin na bankin Grameen na Bangladesh, wanda ya kai Muhammad Yunus ga kyautar Nobel a 2006, da aka auna tasirinsu a ƙasashe shida aka wallafa a 2015, an tarar suna taimakawa daidai gwargwado amma ba sa fitar da yawancin mutane daga talauci. Waɗanda suka fi amfana su ne masu sana'ar da ta riga ta kafu. Matar da ke soya ƙuli-ƙuli tana da masu saye fiye da abin da take iya yi, ita rance zai ɗaga. Wadda ba ta da kasuwa kuwa, bashi nauyi zai ƙara mata, kuma sau da yawa abin da ta fi buƙata shi ne wurin ajiya amintacce da kuɗinta ba za su narke a hidimar gida ba. Mata ma su ne tsarin banki ya fi bari a baya: gonar da ke da sunansu kaɗan ce, wasu ba su da katin shaida ko lambar BVN, wasu kuma fita zuwa reshen banki ba abu ne mai sauƙi a gare su ba, sai dai wakiliya mace ta same su har gida.

Duk waɗannan hanyoyi, daga sito mai kwaɗo biyu har ma'aikacin da ke zagaya gona a kan babur, suna buƙatar a iya zuwa wurin. A sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato da Birnin Gwari akwai garuruwan da manomi sai ya biya 'yan bindiga kafin ya shuka, ya sake biya kafin ya girbe, wani lokaci a ƙone amfanin a gona ko a kwashe shi daga rumbu. Shanun da dokar 2017 ta ce za su iya zama jingina su ne abin da ake korawa daji da dare. Ma'aikacin banki ba zai bi hanyar da ake tare mutane ba, kuma rassa da wakilai da dama sun tattara sun koma manyan garuruwa. Manoman waɗannan yankuna, waɗanda a da su ke cika kasuwannin hatsi na Arewa da gero da dawa da wake, yanzu sun koma hannun mai halin garinsu shi kaɗai, in shi ma bai yi gudun hijira ba.